Wa Ke Nuna wa Data Hanya? Tsayayyar Hanya da Mai Sauyawa a Netwok ɗin Rediyo

Duk mai wayar da ya taɓa shiga saitin Wi-Fi ya danna sunan netwok ɗin da yake kai, zai ga wasu lambobi masu ɗigo a tsakani. Ɗaya adireshin IP na wayar ne, kamar 192.168.1.23. Ɗayan, wanda galibi ke ƙarewa da 1, adireshin ƙofar fita ne, wato rautar da wayar ke miƙa wa duk saƙon da ba na cikin gida ba. Idan iPhone ce ke raba data, ƙofar takan zama 172.20.10.1, tsofaffin wayoyin Android kuwa 192.168.43.1 suka saba bayarwa. Iyakar abin da waya ta sani game da hanya ke nan. Na kusa ta kai da kanta, na nesa ta damƙa wa rauta ta juya baya.

A gida mai rauta ɗaya, ita ma rautar ba ta da wani dogon tunani, domin hanya ɗaya ce a gabanta, ta kamfanin da ke ba ta intanet. Lissafi yana canzawa ne idan intanet ɗin ya shigo wuri guda, ta fayiba ko ta Starlink, sannan aka ɗauke shi da farantan rediyo a kan dogayen ƙarafa zuwa wurare masu nisan kilomita biyu, biyar ko goma. Haka makarantu masu harabobi da yawa ke yi, haka asibitoci da ma'aikatu, haka kuma matasan da ke sayar da tikitin Wi-Fi a unguwanni da kasuwanni. Abin ma ba sabo ba ne a Arewa, don tun a shekarun 2000 gidauniyar Fantsuam ta kafa irin wannan netwok mai suna Zittnet a Kafanchan.

A irin wannan tsari rauta takan samu maƙwabta fiye da ɗaya, kuma dole ta san wacce za ta miƙa wa wane saƙo. Ko dai mutum ya zauna ya rubuta mata da hannunsa, ko kuma a bar rautocin su riƙa sanar da juna. Na farko shi ne tsayayyar hanya, wadda masu sana'ar ke kira sitatik. Na biyu hanya mai sauyawa, wato dainamik. Zaɓin da aka yi a nan shi zai nuna abin da zai faru a daren da iska ta karkatar da faranti ɗaya: ko masu tikiti su ji kiran WhatsApp ya ɗan sare ya dawo, ko su kwana suna kiran mai netwok a waya.

Dalilin raba netwok tun farko

Yawancin masu farawa ba sa raba komai. Rediyoyin Ubiquiti da Cambium da MikroTik suna iya aikin gada, wato su zama tamkar dogon kebul da aka miƙa ta iska. Sai a jona wannan da wancan, wayoyin da ke wurare huɗu su zama 'yan ɗaki ɗaya, rauta guda tana raba musu adireshi. Yana aiki, kuma nan da nan ake gamawa.

Sai dai na'urori akwai yawan shela. Wannan na tambayar wa ke riƙe da adireshi kaza, wancan na neman wanda zai ba shi adireshi, talabijin na cigiyar wayar da za ta turo masa bidiyo. A ɗaki ɗaya, kowace shela sai ta ratsa kowane zangon rediyo, ta cinye lokacin iskan da bidiyon wani ya kamata ya wuce a ciki. Ranar da wani ya jona rautar gidansa a juye kuwa, ta fara raba nata adireshin, rabin jama'a za su rasa intanet ba tare da an san daga ina cutar ta fito ba.

Maganin shi ne a ba kowane wuri nasa rukunin adireshi, abin da ake kira sabnet. A ƙaddara akwai wurare uku: Cibiya inda intanet ke shigowa, sai Kasuwa, sai Makaranta. Cibiya ta ɗauki 10.10.0.0/24, Kasuwa 10.10.1.0/24, Makaranta 10.10.2.0/24. Wannan /24 yana nufin adireshi 256, waɗanda 254 daga ciki ake iya bai wa na'urori, kuma duk daga rukunan da aka ware tun 1996 don amfanin cikin gida suke. Shi kansa zangon rediyon da ke tsakanin rautoci biyu ana yanka masa ɗan ƙaramin sabnet na /30, mai gurbi biyu kacal, ɗaya a kowane ɓangare. Daga nan shela ba ta ƙetare ƙofar unguwarta. Amma an sayi wannan zaman lafiya da sabon aiki, domin yanzu rautar Cibiya ba ta san inda Makaranta take ba sai an faɗa mata.

Allon da aka kafa a mararraba

Tsayayyar hanya layi ne da ake rubutawa a jadawalin rauta: duk abin da za shi sabnet kaza, a miƙa wa maƙwabciya kaza. Idan wuraren nan uku a jere suke, Cibiya zuwa Kasuwa, Kasuwa zuwa Makaranta, aikin bai taka kara ya karya ba. Rautar Makaranta layi ɗaya take buƙata, 0.0.0.0/0, ma'ana "duk abin da ban sani ba, Kasuwa". Ta Kasuwa layi biyu: na Makaranta ya yi gaba, sauran su koma Cibiya. Ta Cibiya uku: ɗaya na Kasuwa, ɗaya na Makaranta wanda shi ma ta Kasuwa zai bi, sai na fita intanet. Layi shida ke nan gaba ɗaya. Idan layi biyu suka dace da saƙo guda, rauta tana bin wanda ya fi ƙayyade wurin, shi ya sa 10.10.2.0/24 ke rinjayar 0.0.0.0/0.

Kyawun wannan tsari ba kaɗan ba ne. Ba ya cin ko ɗigon lokacin iska, tunda rautoci ba sa hira da juna. Ba ya wahalar da ƙaramar na'ura. Abin da aka rubuta jiya shi za a tarar gobe, don haka idan matsala ta taso, mutum yana iya bin layukan da yatsa har ya gano ta. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mantawa da hanyar dawowa: an rubuta yadda saƙo zai tashi daga Makaranta ya kai Cibiya, ba a rubuta wa Cibiya yadda amsa za ta koma ba. Waya za ta nuna Wi-Fi cike, ba abin da ke buɗewa.

Ana yawan cewa girma ne ke kashe tsayayyar hanya, a kawo lissafin cewa idan kowace rauta sai ta san sabnet ɗin kowace, wurare 10 na buƙatar layi 90, wurare 20 kuma 380. Lissafin daidai ne, amma da wuya a kai can. Wanda ya tsara adireshinsa da kyau yana iya dunƙule sabnet da yawa a layi guda, misali 10.10.0.0/16 ya rufe duk wanda ya fara da 10.10. Cibiya mai rassa ashirin da kowanne ke kallonta kai tsaye, layi ashirin take buƙata a tsakiya, da ɗaya-ɗaya a rassan. Abin da ke karya wannan tsari da gaske shi ne samuwar hanya ta biyu.

Inda rediyo ya bambanta da kebul

Idan kebul ya tsinke tsakanin rautoci biyu, fitilar ramin da aka soka shi tana mutuwa, rauta ta gane nan take, ta ajiye duk layin da ke bi ta wurin. A netwok ɗin rediyo kuwa, rautar tana ƙasa cikin akwati, kebul ɗinta ya hau ƙarfe zuwa rediyon da ke sama, kuma shi kaɗai take gani. Rediyon can ɗaya ɓangaren yana iya mutuwa saboda batirin sola ya ƙare da ƙarfe uku na dare, ko iskar farkon damina ta juya farantin, ko bishiyar darbejiyar da ke tsakani ta yi ganye ta tare hanya. Duk wannan, fitilar kebul tana nan kore shar. Rauta za ta ci gaba da zuba saƙonni a rami, kamar allon kan titi da ke nuna hanyar gari alhali ruwa ya tafi da gadar tun jiya.

A jere mai hanya ɗaya wannan makanta ba ta da wani tasiri. Ko rautar ta sani, ba ta da inda za ta juya. Amma a ƙaddara an ƙara wuri na huɗu, Tasha, aka haɗa shi da Makaranta ta gefe ɗaya, da Cibiya ta ɗaya gefen. Jere ya zama zobe, kuma an kashe kuɗin farantai ne musamman don idan gefe ɗaya ya yanke a zagaya ta ɗayan.

Akwai dabarar da masu son tsayayyar hanya ke yi. Kowane layi yana da lambar fifiko, ƙarama ita ke gaba, kuma tsayayyen layi yakan zo da 1. Sai a rubuta layi na biyu mai lamba 2 a matsayin ajiya, a kuma sa rauta ta riƙa ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta da fin, ɗan saƙon gwajin nan da ke neman amsa. A MikroTik, kamfanin Latbiya da rautocinsa suka cika irin waɗannan akwatuna, ƙwanƙwasar duk daƙiƙa 10 ce, kuma idan amsa ta ɓace sau biyu, layin farko ya kwanta, na ajiya ya tashi. Ga wurare biyu masu zango biyu a tsakaninsu, wannan ya isa.

A zobe kuwa an gudu ne ba a tsira ba. A ce zangon Kasuwa da Makaranta ne ya yanke. Rautar Kasuwa ta gane, ta kwantar da layinta na Makaranta. Ita kuwa ta Cibiya, Kasuwa take ƙwanƙwasawa, Kasuwa kuma tana amsawa lafiya lau, don haka ba ta ga dalilin juyawa ta Tasha ba. Ta turo saƙon Makaranta zuwa Kasuwa. Kasuwa ta duba jadawalinta, ba layin Makaranta, sai na "duk abin da ban sani ba, Cibiya". Ta mayar. Cibiya ta sake turowa. Haka ƙunshin zai yi ta safa da marwa har lambar rayuwarsa ta ƙare, lambar da wayar Android ke farawa da 64, kowace rauta tana rage ɗaya. Makaranta ba ta samu komai ba, ga zangon Cibiya da Kasuwa da yake lafiya ya cushe da saƙonni masu yawon banza, su ma 'yan Kasuwa sun fara ƙorafi. Ana iya toshe wannan da ƙarin dabaru, kamar ƙwanƙwasa adireshi mai nisa maimakon na maƙwabciya, amma kowane sabon zango yana ninka yanayin da sai an hango shi tun kafin ya faru. A ƙarshe mutum ya tarar yana ƙera da hannu abin da wasu suka gama ƙerawa shekaru talatin da suka wuce.

Idan rautoci suna ba juna labari

Direbobin haya ba allo suke bi ba, juna suke kira: hanyar kaza ta toshe, a bi ta kaza. Hanya mai sauyawa haka take. Tsohuwar ƙa'idar da aka fara yaɗawa ita ce RIP, wadda aka rubuta ƙa'idojinta a 1988. Zango kawai take ƙirgawa, ba ta wuce 15, tana aika jadawalinta duk daƙiƙa 30, kuma takan jira daƙiƙa 180 kafin ta yarda hanya ta mutu. Minti uku ga mai kiran bidiyo shekara ce. Yau ba wani dalilin kafa sabon netwok a kanta.

Wadda ta zama ruwan dare ita ce OSPF, wadda sigarta ta biyu da ake amfani da ita har yanzu ta tabbata a 1998. Kowace rauta tana yi wa maƙwabtanta sallama duk daƙiƙa 10. Idan daƙiƙa 40 suka wuce ba a ji sallamar wata ba, an ɗauka zangon ya mutu, ko da fitilar kebul na ci. Nan take labarin ya bazu ga kowace rauta a netwok ɗin, domin kowacce tana riƙe da cikakkiyar taswirar wa ke haɗe da wa. Sai kowacce ta sake lissafa hanya mafi araha da dabarar da masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa a 1959. A misalin ɗazu, Cibiya za ta ji cewa Kasuwa da Makaranta sun rabu, ta juya kayan Makaranta ta Tasha, ba tare da kowa ya tashi daga barci ba. Sabon wuri kuma idan aka ƙara, a rautarsa da ta maƙwabciyarsa kawai za a yi saiti, sauran su ji labari.

Ba sai da babbar na'ura ba. Ƙaramar rautar MikroTik irin hEX tana tafiyar da OSPF, haka duk wadda aka ɗora wa OpenWrt tare da manhajar BIRD ko FRR. MiFi da rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa ne ba su da wannan, galibi iyakarsu tsayayyen layi, in ma suna da shi.

Daƙiƙa 40 ɗin nan ana iya rage su, ko a ƙara BFD, wata ƙa'ida ta 2010 da ke iya gano yankewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A nan ne zumuɗi ke cutar da mutane. Saitin da ya dace da fayiba bai dace da iska ba. Rediyo yakan yi tuntuɓe na ɗan lokaci idan wani ya kunna nasa a tasha ɗaya, ko ya cika maƙil da yamma lokacin da kowa ke TikTok. Idan aka matse lokacin ƙwarai, kowane tuntuɓe zai zama sanarwar mutuwa, hanya ta juya, ta dawo, ta sake juyawa, kowace rauta tana sake lissafi. Zango mai faɗuwa yana tashi sau hamsin a awa ya fi wanda ya mutu gaba ɗaya illa. Sallama duk daƙiƙa 2 ko 3, da jiran ninki huɗu na hakan, ya fi kama da hankali a kan rediyo. Kuma dole lambobin su zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu, in ba haka ba rautocin ba za su ƙulla maƙwabtaka ba sam.

Akwai wani tarkon da ya keɓanta da iska. OSPF tana aika sallamarta ne a matsayin saƙon taro zuwa 224.0.0.5, kuma a tsarin Wi-Fi irin wannan saƙo yana tafiya da mafi ƙarancin gudu, ba a kuma sake aiko shi idan ya ɓata a hanya. Shi ya sa ake ganin zangon da YouTube ke wucewa a kansa lafiya amma OSPF tana ta rabuwa. A rediyo mai faɗi da ke ɗauke da rassa da yawa abin ya fi muni, domin rassan ba lallai su ji juna ba, ita kuwa OSPF a saitinta na asali tana ɗauka kowa yana jin kowa. Gyaran yana cikin nau'in netwok da ake zaɓa wa kowane rami: na mutum biyu ga zango mai faranti biyu, na tsakiya da rassa ga rediyo mai faɗi, ko a rubuta adireshin maƙwabta don sallama ta tafi kai tsaye.

Sannan rautar da ke sauraron labari tana iya jin ƙarya ta gaskata. A ranar 12 ga Nuwamba 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa aka shelanta hanyoyin Google ta inda bai dace ba, zirga-zirgar ta karkata ta Rasha da Sin na fiye da awa ɗaya. Wannan a BGP ya faru, ƙa'idar da ke haɗa manyan kamfanoni, amma ƙaramin netwok ma yana iya ganin irinsa. Idan aka bar OSPF tana sallama a ramin da masu tikiti ke jonawa, duk wanda ya zo da rauta yana iya cewa shi ne hanyar intanet. Don haka ramukan jama'a ana sa su shiru, na tsakanin rautoci kuma ana sa musu kalmar sirri.

Makantar da OSPF ba ta warke ba

OSPF tana zaɓar hanya ne da farashin da aka liƙa wa kowane zango. A rautocin Cisco ana ciro farashin daga gudun ramin kebul, a wasu kuma lamba ɗaya ake bai wa kowa har sai an canza. Ko ta yaya, ramin ba ya faɗin gaskiyar iska. Zangon kilomita ɗaya mai ɗaukar megabit 300 da na kilomita goma sha biyu mai jan megabit 20, duk a rami iri ɗaya aka soka su, kuma a idon OSPF ɗaya suke. Wanda bai zauna ya rubuta farashi da hannu ba, zai tarar rabin jama'arsa na bin siririyar hanya saboda ta fi ƙarancin zango. Wato ko a tsarin da ake cewa yana tafiyar da kansa, akwai lambobin da mutum ne ke tsayar da su.

Mafi wuya shi ne zangon da bai mutu ba, bai kuma rayu ba. Rediyon zamani idan sigina ya raunana ba ya yankewa, rage gudu yake yi mataki-mataki don ya riƙe haɗin. Saƙon sallama ɗan mitsitsi ne, yana wucewa ko ta ƙofar allura. OSPF za ta ce lafiya, alhali hoto ɗaya na ɗaukar minti kafin ya buɗe, ga hanyar zagaye can zaune ba kowa a kanta. Wannan ya fi faruwa a manyan mitoci. Ruwan sama bai cika damun 5 GHz ba, amma 24 GHz da 60 GHz suna jin mamakon Agusta a jikinsu, shi ya sa wasu rediyoyin 60 GHz na Ubiquiti da MikroTik ke zuwa da ƙaramin rediyon 5 GHz a ciki don ya karɓi aiki. Idan ya karɓa, gudun ya faɗi ƙasa sosai, rautar da ke ƙasan ƙarfe kuwa ba ta san an yi ba.

Masu binciken jami'ar MIT da suka kafa netwok ɗin Roofnet a kan rufin gidaje sun fito da wani ma'auni a 2003 mai suna ETX, wanda ke ƙiyasta sau nawa za a aika ƙunshi kafin ya isa, amsarsa ta dawo. Zangon da rabin saƙonni ke ɓacewa a zuwa, rabi a dawowa, farashinsa 4. Zangon da kashi 80 cikin 100 ke isa ta kowane ɓangare, farashinsa kusan 1.6, biyu irinsa a jere 3.1. Da wannan lissafi hanya mai zango biyu ta doke mai zango ɗaya, akasin abin da RIP za ta zaɓa. A kan irin wannan tunani na auna ingancin iska aka gina ƙa'idojin da aka yi domin rediyo: Babel, wadda Juliusz Chroboczek ya ƙirƙira a Paris ta kuma zama cikakkiyar ƙa'idar intanet a 2021, da BATMAN da ta fito daga 'yan Freifunk na Jamus ta shiga cikin Linux a 2011.

Waɗannan sun fi haskawa inda rediyoyi ke jin maƙwabta da yawa a lokaci ɗaya kuma ingancin na hawa yana sauka, kamar rautoci a tagogin gidaje. Inda farantai ne masu kallon juna a kan ƙarafa, OSPF da aka saita da kyau takan wadatar. Guifi.net, netwok ɗin al'umma da aka fara a 2004 a ƙauyen Gurb na yankin Kataloniya a Sifaniya, wanda ya haura wurare 30,000, bai tsaya a kan ƙa'ida ɗaya ba. Ƙashin bayansa yana tafiya da BGP da OSPF, wasu unguwannin suna amfani da ƙa'idojin da ke auna iska, gidajen da ke ƙarshen layi kuwa ƙofar fita ɗaya kawai suka sani, kamar wayar mai karatu.

To wanne za a ɗauka?

Takarda da biro za su ba da amsa kafin a taɓa kwamfuta. A zana wuraren, a zana zangunan, sannan a duba ko akwai wurin da ake iya kaiwa ta hanya biyu. Idan babu, tsayayyar hanya ce daidai, ko rassan sun kai talatin, kuma ɗora OSPF a kai ƙarin abin lalacewa ne kawai. Idan akwai zobe ko da guda ɗaya ne, rautocin da ke kan zoben su yi OSPF, rassan da ke rataye a jikinsa su zauna da layinsu ɗaya. Layin fita intanet a Cibiya shi ma yakan zama tsayayye, OSPF ta sanar da shi ga saura. Wanda ke da jere yau amma ya san baɗi zai rufe zobe, gara ya koyi OSPF yanzu da rautoci uku, lokacin da kuskure bai da tsada, ya kuma jera adireshinsa yadda za su dunƙulu.

Akwai tambayar da ba ta cikin littafin kowace na'ura: wa zai gyara? Sau da yawa mutum ɗaya ne ya san sirrin netwok ɗin, ranar da ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Abuja, sai a bar ƙanensa da akwatin da bai taɓa buɗewa ba. Layi shida da aka rubuta a takarda aka manna a ƙofar akwati, kowa zai iya bi. Layi sittin masu ajiya da ajiyar ajiya, ko wanda ya rubuta su ba zai tuna dalilinsu bayan wata shida ba, a nan OSPF mai saiti iri ɗaya a kowace rauta ta fi sauƙin gado.

Kowanne aka zaɓa, sai an gwada shi da rana tsaka, kafin dare ya gwada shi. Wayar hannu ta isa: manhajoji irin PingTools ko Termux suna aika fin, suna kuma nuna jerin rautocin da saƙo ya ratsa. A tsaya a Makaranta a fara fin zuwa Cibiya, sannan wani ya cire wutar rediyon Kasuwa mai kallon Makaranta. Rediyon can nesa za a kashe, domin zare kebul daga rautar da ake gwadawa yana kashe fitilar rami, ya ba ta amsar da iska ba za ta taɓa ba ta ba. A ƙirga fin nawa suka ɓace kafin amsa ta dawo. Da saitin OSPF na asali suna iya kaiwa kusan 40, da wanda aka rage kuma 8 zuwa 12. A duba jerin rautocin a tabbatar ta Tasha aka bi. Sannan a mayar da wutar, a jira rediyon ya gama tashi, a ga ko hanya ta koma inda take, a kuma maimaita haka ga kowane zango da ke kan zoben, ɗaya bayan ɗaya.